Likitan Gini: Masu Riƙe da Wuta da Ruwan Asibiti a Ƙasar Anka

A kowane babban asibiti na yammacin Zamfara akwai wani mutum da ba ya sa farar riga, ba ya rubuta wa kowa magani, amma in ya yi fashin kwana uku, daga likita har mai gadi kowa sai ya ji a jikinsa. Ma'aikata Injiniya suke kiransa, ko da takardar da ke hannunsa ta kwalejin fasaha ce, ko ma a gaban maigida ya koyi aikin. Masu jinya kuwa ba su da tsayayyen suna gare shi. In fitila ta mutu shi ne mai wuta, in famfo ya ƙafe shi ne mai ruwa, in masai ya toshe a ce a kirawo mai gyara.

Da an sallame sallar asuba yake fara zagaye, kuma tanki ne farko. Ya hau tsani, ya bubbuga jikin tankin da tafin hannu yana saurare, domin kunnen da ya saba yana bambanta amon cikakken tanki da na wanda ya yi rabi. Daga nan sai ɗakin inji. Ya zaro sandar awon baƙin mai, ya goge da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa ya duba, ya leƙa ruwan lagireto, ya rubuta a littafi awa nawa injin ya yi cikin dare da lita nawa ya sha. Kafin rana ta take ya ratsa ɗakin haihuwa da na tiyata da na yara, yana taɓa soket da bayan hannu ko ya yi ɗumi, yana shinshina iska ko da ƙaurin waya. A bakin ƙofa wata nas za ta tare shi: "Injiniya, ina kwana? Don Allah fankar da ke kan gado na shida tun jiya take ƙara." Ya ce, "To Sista, bari in gama da firjin jini, ina nan tafe." Wannan jeri da ya yi, firjin jini kafin fanka, shi ne rabin sana'ar. Sai mutum ya san abin da zai iya jira, da abin da in ya jira za a yi asarar rai.

Na zaɓi in dubi wannan sana'a daga ƙasar Anka ne saboda mutanenta sun ga abin da kaɗan suka gani game da dangantakar lafiya da wurin da ake zaune. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar Likitoci Na-gari Na-kowa, wato MSF, da ke zagayen sa ido kan sanƙarau, suka lura ƙananan yara na farfaɗiya suna mutuwa a ƙauyukan Bukkuyum da Anka, kuma maganin zazzaɓin cizon sauro ba ya yi musu komai. Da aka bincika sai aka gano gubar dalma ce. Duwatsun zinariyar da ake kawowa gida ana daka a turmi, ana niƙa a inji, suna cike da dalma, ƙurarsu ta bi tsakar gida da ɗaki da kwanon abinci. 'Yargalma, Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru, Duza, daga baya Bagega: sunayen da duniya ba ta sani ba suka shiga labarai. Yara sama da 400 suka rasu. A manyan asibitocin Bukkuyum da Anka aka buɗe wuraren jinyar waɗanda suka rage.

Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin wannan tarihi shi ne likitoci da kansu suka ce maganinsu ba zai yi amfani ba matuƙar yaro zai koma ya yi rarrafe a kan ƙasar da ta kwantar da shi. Dole shebur ya riga magani. Injiniyoyin muhalli na kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith daga Amurka, tare da ma'aikatan jiha da samarin ƙauyukan, suka bi gida gida suna kankare saman ƙasa, suna zubawa a buhu, suna kaiwa rami su binne, a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. Yaran Bagega sai da suka jira har 2013, lokacin da kuɗin kwashe ƙasar garinsu ya fito daga gwamnatin tarayya, sannan aka fara yi musu magani. A 2022 MSF ta miƙa wannan aiki ga hukumomin jihar, bayan fiye da shekara goma. Wanda ya ga wannan ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani cewa mai gyaran wuri ma'aikacin lafiya ne.

Kafin wannan rauni ya warke sai ga na 'yan bindiga. Ƙauyuka suka watse, mutane suka kwararo cikin garin Anka, wasu suka fake a ginin sabuwar fadar Sarkin Zamfara da ba a kammala ba. Asibitin da aka gina don jama'ar wancan zamani ya wayi gari yana ɗaukar nauyin da ba a auna shi da shi ba. Daga tsakiyar damina zuwa kaka, lokacin da sauro da tamowa ke haɗuwa a kan yara, gado ɗaya sai ya ɗauki biyu, a kafa tanti a fili. Likita na ƙirga marasa lafiya, Injiniya kuma na ƙirga abin da kowane sabon gado ke jawowa: ƙarin soket, ƙarin ruwa, ƙarin cikar masai, ƙarin shara. Ga hanya ba ta da tabbas. In tankar man gas ba ta iso ba yau saboda an tare hanya, ba wanda zai ce ga ranar da za ta iso. A watan Satumba na 2021 har layukan waya aka rufe a jihar, aka hana sayar da mai a jarka, duk don a matsa wa 'yan daji. A irin wannan yanayi, wanda bai tanadi bel ɗin inji da matatar mai a sito ba, ko kiran Gusau a turo masa ba zai iya ba.

Wuta ita ce babbar jarrabawar sana'ar. Na san haka ne tun wani dare da na kwana jinyar ɗan ƙanwata a wani ƙaramin asibiti, nesa da wannan yanki. Ciwon haƙarƙari ne ya kama shi, an sa masa siririn bututu a hanci, na'urar iska na gefen gado tana gurnani a hankali, tana yin wani ɗan tsaki lokaci lokaci kamar mai sauke numfashi. Wajen ƙarfe biyun dare aka ɗauke wuta. Na'urar ta yi kuka sau ɗaya ta yi tsit. Nas ta kunna fitilar wayarta ta cije ta da haƙora, ta tallafo kan yaron, ta ce da ni, "Kawu, yi sauri ka taso mai inji." Na same shi ya riga ya tashi yana ɗakin injin, amma batirin tayarwa ya yi sanyi, sai da ya ciro na wata mota da ke ajiye a harabar. Ban san minti nawa aka yi ba, na dai san ƙirjin yaron yana lotsawa yana tasowa kamar na tsuntsu, uwarsa kuma ba abin da take faɗa sai Innalillahi. Allah ya yi da sauran kwanansa. Tun daga ranar, duk asibitin da na shiga, kunnena na neman ƙarar inji kafin idona ya nemi likita.

Ba mu kaɗai ba ne. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya da abokan aikinsu suka fitar a farkon 2023 ya ƙiyasta cewa kusan mutum biliyan 1 a duniya suna dogara ga asibitocin da ko dai ba su da lantarki sam, ko suna da wanda ba a dogara da shi. Wutar Zamfara daga kamfanin rarraba lantarki na Kaduna take zuwa, kuma garuruwan yamma suna can wutsiyar layi, inda ko ta zo sai ta zo da rauni. A watan Oktoba na 2024 kusan Arewa gaba ɗaya ta yi fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layuka. Ko babban asibitin koyarwa na Ibadan, da duk girmansa, an yanke masa wuta a 2024 saboda bashi. To ina ga asibitin ƙaramar hukuma?

Don haka janareta ya daɗe yana zama zuciyar asibiti, kuma Injiniya ya san halinsa kamar yadda makiyayi ya san saniyarsa. Duk bayan awa 250 ko makamancin haka a canja baƙin mai. Man gas in an gauraya shi da ruwa ko kananzir, a hayaƙi ake fara gani. Akwai kuma wani abin da masu sayo inji ba sa son ji: babban inji ba kullum ne alheri ba. In aka kawo ƙaton janareta aka ɗora masa ƙwan fitila da fanka kaɗai cikin dare, yana shan mai a banza, kuma yana lalacewa ta ciki saboda bai samu nauyin da zai yi zafi yadda ya kamata ba. Asibitin da ya san abin da yake yi yana da babba na rana, ƙarami na dare. Amma tun daga 2022 da farashin man gas ya yi tashin gwauron zabo, babba da ƙarami duk sun zama kaya a wuyan asibiti.

Nan ne hasken rana ya shigo, kuma ya shigo da gaske. A babban asibitin Zurmi da ke arewacin jihar, MSF ta kafa farantan sola 436 masu ba da kilowat 250, a wurin da a da janareta ne ke aiki dare da rana. Ƙungiyar ta ɗauki alkawarin rage hayaƙin da ayyukanta ke fitarwa da rabi kafin 2030, in an kwatanta da na 2019. Ana yawan kawo maganar sola a matsayin taimakon duniya kan ɗumamar yanayi, kuma gaskiya ne. Amma ga uwar da ɗanta ke kan na'urar iska a Gummi ko Anka, ma'anarta ta fi haka kusa: wutar da ba ta jiran tanka ta ratso daji.

Sai dai sola ba ta kore Injiniya ba, sabon aiki ta ƙara masa. Anka tana wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, don haka ake fuskantar da farantan kudu, a ɗan karkata su kaɗan. Wannan 'yar karkata ba ta isa ta zubar da ƙurar hunturu ba. Mako biyu in ba a wanke ba, ka shafa yatsa a kan gilashin ka yi rubutu, wutar kuma ta ragu ba tare da wata waya ta tsinke ba. Wankin ma da ƙa'idarsa: da sanyin safiya ko bayan la'asar, da ruwa zalla da tsumma mai laushi, domin ruwan sanyi a kan gilashin da ya sha rana na iya tsaga shi. Kashin tsuntsu ɗaya ko inuwar reshen dogonyaro a kan faranti guda na iya rage ƙarfin duk layin da yake ciki. Ɗakin batura kuwa ya fi jariri son lallaɓa. Batirin dalma ya fi jin daɗi a digiri 25, kuma duk ƙarin digiri 10 na cinye kusan rabin rayuwarsa. A ƙasar da bazara ke haura digiri 40, wanda ya jibge batura a ɗakin kwano mara taga ya kashe su tun kafin a yanke ƙyallen buɗewa.

Akwai kuma yaƙin da ba a rubuta shi a takardar kwangila, wato yaƙi da hita da dutsen guga. Hitar dafa ruwa guda ɗaya na iya cin wutar da na'urar iska huɗu ko biyar za su ci. Da dare ya yi, mai jinya na son ruwan zafi, ma'aikaci na son guga, ɗan unguwa na son cajin waya, kuma kowannensu da gaskiyarsa. Gogaggen Injiniya ba ya tsayawa faɗa da kowa. Raba layi yake yi tun daga tushe: layin rai daban, da soket masu alama, na iska da firjin jini da fitilar tiyata, layin jin daɗi daban, wanda zai iya kashewa in batura sun yi ƙasa. Sannan ya mayar da manyan ayyuka tsakar rana, lokacin da wuta ta yi yawa har ba a san inda za a kai ta ba. Tukunyar dafa kayan tiyata, wadda sai ta kai digiri 121, da injin wanki, da famfon rijiya, duk a yi su tsakanin hantsi da azahar. Kafin a samu wannan tsari ya zauna sai an sha zama da shugabar ma'aikatan jinya, domin ya taɓa jadawalin kowa.

Ita kanta na'urar iskar da na kwana ina saurare, ƙaramar aba ce mai taya huɗu, ba ta fi akwatin tafiya ba. Iskar ɗaki take zuƙa, wadda kashi 21 cikin ɗari ne kawai nata oksijin, ta tace ta ta cikin wasu ƙwayoyi kamar yashi, ta fito da iska mai fiye da kashi 90, lita 5 ko 10 a minti. A bayanta akwai wani ɗan soso baƙi. In ƙura ta toshe shi, na'urar na ci gaba da gurnani, ƙwallon awo na ci gaba da rawa, kowa na zaton lafiya, alhali iskar da ke shiga hancin yaro ta koma kusan ta ɗaki. Gyaran kuwa ba komai ba ne: a cire soson, a wanke da ruwa da ɗan sabulu, a shanya a inuwa ya bushe sarai, a sa na canji kafin nan. Minti biyar ne a mako, da hunturu kuma sau biyu ko uku. Na'urori nawa ne ke jibge a sito an rubuta musu "ta lalace" saboda wannan soso? Haka firjin allurar rigakafi, da dole ya zauna tsakanin digiri 2 da 8, safe da yamma ana rubuta awonsa. A irin wannan sanyi ake ajiye allurar da ke tsayar da zubar jini bayan haihuwa, wadda zafi ke kashe ƙarfinta ba tare da launinta ya canja ba. Yanzu akwai firjin sola da ba ya buƙatar batir ko ɗaya: da rana yana daskarar da ruwa a jikinsa, ƙanƙarar ta riƙe sanyi har gari ya waye. A ganina wannan na daga cikin mafi dacewar abubuwan da aka taɓa kawo wa asibitin karkara, domin ya cire sashen da ya fi saurin mutuwa.

Ruwa ba ya ƙara in ya tafi, shi ya sa ake raina maganarsa. Ma'aunin da masu aikin agaji ke bi shi ne lita 40 zuwa 60 a rana ga kowane mara lafiya da aka kwantar, lita 100 ga kowace haihuwa ko tiyata. Wannan bai haɗa da masu jinya ba, kuma a ƙasar Hausa ba a jinya mutum ɗaya. Ga uwa, ga kaka, ga goyo, ga wankin zannuwa, ga alwala. Ƙasar Anka ta dutse ce, dutsen nan dai mai zinariya, ruwa kuma a cikin tsagoginsa yake. Rijiyar burtsatse na iya ba da ruwa sosai a nan, taku ɗari gaba a haƙa a tarar da ƙura. Mai hankali ba ya matsa wa rijiya. Ja yake yi kaɗan kaɗan da famfon sola tsawon yini, ya tara a tankin sama, tankin ya zama masa batir, da dare ruwa ya sauko da nauyin kansa. Kan famfo ɗaya da ke ɗiga yini da kwana na zubar da abin da zai ishi gado guda, don haka aljihun Injiniya ba ya rabuwa da 'yar robar kan famfo da farin zaren naɗe bututu.

In amai da gudawa suka ɓarke, kamar yadda suka yi a jihar a 2021, to aikin ya koma na awo. Ruwan sha da nasa adadin sinadarin kilorin, na wanke hannu da nasa, na wanke gado da ƙasa da nasa, na zubawa a kan bahaya da amai ya fi duka ƙarfi. Bokiti kowanne da launinsa don kada a rikita. Masai kuma sai ya yi nisan aƙalla mita 30 daga rijiya. Ambaliyar da ta ci gidaje masu yawa a Gummi a watan Agusta na 2024 ta tuna wa kowa abin da ke faruwa in ruwan sama ya haɗa masai da rijiya. Asibitin da bai ɗaga bakin rijiyarsa ba, bai yashe magudanansa tun kafin saukar damina ba, shi da kansa zai zama mai raba cutar.

Game da ginin kansa ina da ƙorafi, kuma na daɗe da shi. Mun gaji tsarin bulon siminti mai rami, da kwano, da silin mara kauri, da 'yan tagogin gilashi masu zamewa waɗanda rabinsu kaɗai ke buɗuwa. Da bazara irin wannan ɗaki tanda ne. Sai a ce a sa na'urar sanyaya ɗaki, ita kuma ta cinye wutar da ba a da ita. Alhali maginan gargajiya na ƙasar nan sun san sirrin katanga mai kauri ta tubali, da soro mai tsawo, da azarar giginya da gara ba ta ci, da ɗakin da ke sanyi da rana ya yi ɗumi da dare. Ba cewa nake a yi ɗakin tiyata da jar ƙasa tsirara ba, domin bangon asibiti dole ya wanku. Amma a ga abin da Francis Kéré ya yi a Burkina Faso, inda ya gina makaranta a Gando da asibiti a Léo da bulon ƙasa, ya ɗaga rufin kwano sama da ginin don iska ta ratsa tsakani ta kwashe zafi. A 2022 aka ba shi lambar Pritzker, babbar lambar masu zanen gini ta duniya. A ga kuma masallacin Dandaji a Nijar, da Mariam Kamara da abokiyar aikinta suka gina da matsattsen bulon ƙasa, cikin Hausawa 'yan uwanmu. Abin da ake buƙata sananne ne: doguwar katanga ta fuskanci kudu da arewa don rana ba ta dafa ta safe da yamma, baranda mai faɗi, tagogi masu kallon juna, farin fenti a kan kwano, itatuwa a yamma. Iskar da ke ratsa ɗaki ma magani ce, domin ita ke kwashe ƙwayoyin tarin fuka da ƙyanda. Sai dai a nan ma akwai lura. Yaron da tamowa ta cinye ba shi da kitsen da zai riƙe ɗumi, sanyin asubar hunturu na iya kashe shi. Tagar ɗakinsu dole ta buɗu da rana, ta kuma rufu ruf da dare, kuma sakatar da ta karye a wannan ɗaki ba ƙaramin gyara ba ne.

Shara ba ta da daɗin magana, zan taƙaita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 85 cikin ɗari na sharar asibiti kamar ta gida take, kashi 15 ne mai haɗari. In aka haɗa su a kwando ɗaya, duka sun zama masu haɗari. Allura na da kwalinta, audugar jini na da bokitinta, tanderun ƙonawa kuma sai ya yi zafin da ya haura digiri 800 kafin a zuba masa kaya, in ba haka ba hayaƙin roba ne zai sauka a kan unguwa. Wurin kuma a kewaye shi a kulle, domin yara na tsintar sirinji su yi wasan ruwa da shi.

Ta ina ake shiga wannan sana'a? Wasu ta Kwalejin Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talatar Mafara, wasu ta Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, sun karanta lantarki ko aikin inji ko gini. Da yawa kuma yaran shago ne, sun fara da riƙe wa maigida tsani da miƙa filaya da sukundireba. Shekarun da ƙungiyoyin agaji suka yi a Anka da Gummi sun horar da samari da dama kan abin da makaranta ba ta cika koyarwa ba: cika littafin inji, awon kilorin, gyara kafin lalacewa. Wannan ilimi dukiya ce da ke zaune a garuruwan nan yanzu, kuma abin tsoro shi ne ta watse. Ƙungiya baƙuwa ce, wata rana za ta naɗe tabarmarta, kayan aro kuwa ba ya rufe katara. In jiha ba ta ɗauki waɗannan mutane aiki da albashin da zai riƙe su ba, za su koma kafa sola a gidajen masu kuɗi a Gusau da Sakkwato, ba kuma wanda zai ga laifinsu.

A farkon 2024 gwamnatin Dauda Lawal ta ayyana dokar ta-ɓaci a fannin lafiya, aka shiga gyaran manyan asibitoci. Abu ne mai kyau, kuma an daɗe ana jiransa. Abin da nake roƙo shi ne a tuna da shekara ta biyu da ta biyar. Sabon gini na da ranar buɗewa, da kakaki, da hoto. Canjin baƙin mai ba shi da ko ɗaya. Ɗan kwangila na miƙa makulli ya tafi, sau da yawa ba tare da ya bar zanen inda ya bi da waya da bututu ba, sai Injiniya ya riƙa fasa bango yana lalube. Ya kamata a zaunar da wanda zai riƙe ginin tun ranar da ake zana shi, a tambaye shi wane irin famfo ake samun kayan gyaransa a kasuwar Gusau, a kuma ware masa kuɗin da zai taɓa ba sai takarda ta je hedikwata ta dawo ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar farko buhun siminti ɗaya ke rufe ta.

Akwai abu guda da ya sa na ce a Anka ya fi dacewa a yi wannan magana. Yawancin baturan sola da suka cika ƙasar nan, a asibiti da masallaci da shago, na dalma ne. Bayan shekara uku ko huɗu sun mutu, sai mai sayen gwangwan ya zo da kuɗi a hannu. Inda yake kai su, da gatari ake fasawa, a zubar da ruwan batir a ƙasa, a narka dalmar a buɗaɗɗiyar tukunya. A Thiaroye-sur-Mer, kusa da Dakar ta Senegal, wannan sana'a ta kashe yara 18 tsakanin 2007 da 2008, da irin farfaɗiyar da iyayen Dareta da 'Yargalma suka sani. Baturan litiyam da ake kawowa yanzu sun fi jure aiki, sun fi daɗewa, amma tsofaffin suna nan da yawa, kuma kowane ɗaya daga cikin manyan yana ɗauke da dalma mai nauyin kilo da dama.

Injiniyan da ya san tarihin ƙasarsa ba ya sayar da su a bakin ƙofa, ko da kuɗin zai yi masa maganin wata buƙata. Yana jera su a kan katako, a tsaye, kada ruwansu ya tsiyaye, a ɗakin da ke da daɓen siminti da ƙofa mai kwaɗo. Yana rubuta lambar kowanne a littafi, ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa abinci, ya bar rigar aikin a asibiti don kada ya kai wa 'ya'yansa ƙurar. Sannan ya yi ta bibiyar ofis, wata bayan wata, har a samo motar da za ta kai su masana'antar da ke narka su a rufe.